Fuskokin da Kakan Tasha Ya Rufe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakan Tasha ya rasu ranar Talata da hantsi, da muciya a hannunsa.

Ku da kuka saba karanta ni kun san halina, ba na iya jera layi uku ban sako dariya ba. Ko jarrabawa ce ta kayar da ni sai na mayar da abin shagali. To yau ku yi haƙuri da ni. Kuma don Allah kar wanda ya ce min "ina hoto?" Babu hoto a nan, babu suna. Kafin ku kai ƙarshe za ku gane dalili.

Ina cikin lakca Umma ta kira. Na katse, ta sake kira, na katse, ta sake. Na sulale waje na ɗauka, abin da ta ce kawai, "Ki taho gida, kawunmu ya cika." Gida shi ne ƙauyenmu, ta wajen Aujara. Ko hostal ban koma ba, daga ni sai jakar hannu na nufi tasha. Na wuce ta gaban rumfarsa ta sayar da abinci, murhun bai gama hucewa ba, tukunyar tuwo na nan a kai an rufe ta da faranti.

Na sha zuwa gidan makoki, na san yadda ake yi. Mace ta shigo ta durƙusa ta ce, "Allah ya jiƙansa, halinsa na gari ya bi shi." A tsakar gidanmu ranar ba haka na ji ba. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Allah ya sa ya tuba." Wata maƙwabciya, wallahi da kunnena na ji, cewa ta yi, "Allah dai ya sa ƙasa ta karɓa." Wata tsohuwa ta manta inda take ta ce, "Amma fa miyar taushensa, tun da nake ban taɓa..." sai ta kusa da ita ta zungure ta, ta haɗiye sauran.

A ƙofar gida tabarmi huɗu aka shimfiɗa, biyu ne suka samu mutane. Direbobin tasha sun zo, ba duka ba. Wasu da suka shekara talatin suna cin tuwonsa sun aiko da cewa lodi ya zo kansu. Can nesa, gindin darbejiya, wasu tsofaffi uku na zaune a kan tabarmar da suka zo da ita da kansu. Su suka kawo gawar daga Dutse, da akwatinsa na ƙarfe da wani buhu. Ba wanda ya kai musu ko ruwa. Ɗayansu sai jan hannun riga yake yana rufe yatsunsa, saboda sauran jan lalle a farcensa.

Kawu, wan Umma, shi ne babba a gidan yanzu. Ya leƙo tsakar gida ya nuna akwatin da buhun da baki ya ce, "Waɗannan kar wanda ya buɗe. Ranar sadakar uku wuta za a sa musu, a huta."

Na dubi akwatin. Ni kaɗai a gidan na taɓa ganin abin da ke cikinsa da idona.

Bari in faɗa muku ko wane ne shi, tun da ba wanda ya faɗa a wurin makokin.

Ƙanin kakata ne, Iya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗan daudu ne. Na rubuta, hannuna bai karye ba. A gidanmu ba a faɗar kalmar, sai dai a ce "na Dutse" ko "wancan". Mu jikoki muka sa masa Kakan Tasha. A tasha kuwa Mama ake ce masa, daga ɗan kamasho har mai faci. Ya je Makka, saboda haka a takarda Alhaji ne, ƙawayensa kuma su ce Hajiya, kuma duk wanda aka kira amsawa yake. Tun yana saurayi ya bar ƙauye, ya yi Kano, ya yi ƙasa mai tsarki yana dafa wa alhazai abinci, da aka yi sabuwar jiha Dutse ta fara cika da magina da ma'aikata ya dawo ya kafa tukunya.

Sai da na samu jami'a a Dutse na san shi sosai. Umma ta ja ni gefe ta ce, "Idan yunwa ta ci ƙarfinki ki je wurinsa, amma kar Kawunku ya ji." Ni kuwa yunwa kullum sai ta ci ƙarfina.

Ranar farko ya kalle ni daga sama har ƙasa, zani ɗaure a kan wando, tawul a kafaɗa, ya tafa hannu ya ce, "Oh ni! Wannan tsinken ce jikar Yaya? Me suke ba ku a makarantar, alli?"

Na ce, "Kaka, ai yanzu siririya ake yayi."

"Yayin banza. Zauna kar iska ta kai ki Garki."

Kun san wasan kaka da jika, namiji sai ya ce matata. Shi cewa ya yi, "Ni ba na auren mai ƙafa kamar muciya. Ke ƙawata ce." Shi ke nan na zama ƙawalli.

Bakinsa, jama'a! Idan yana habaici sai ka nemi kujera. Wani direba ya taɓa cika ciki ya koma gefe yana cewa Allah ya shirya 'yan daudu. Kaka bai ko ɗago daga kwashe tuwo ba ya ce, "Amin, ɗan nan. Amma ka fara lashe yatsan tukuna, addu'a ba ta tashi da miya a hannu." Duk rumfar aka kwashe da dariya. Yana yawan cewa, "Da rana a ci nawa, da yamma a ci namana. Ni ne tuwon, ni ne miyar." Bai taɓa fashin sallar jam'i ba, amma kullum sahun ƙarshe, daga can ƙarshen layi, wai don kar ya sa wani ya matsa ya ɗauki zunubi a banza.

Akwatin kuwa sai da na shekara ina zuwa ya buɗe min shi. Ranar an aiko masa wani abokinsa ya rasu a Kano. Ya tashi da wuri ya soya waina ya rabar sadaka, sannan ya ce in biyo shi ɗaki. Ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Hotuna ne fal, wasu baƙi da fari, wasu masu kalar da ta koɗe. Biki, rawa, wasu a gindin tukwane, wasu a filin jirgi da jakar alhazai. Amma abin da ya ba ni mamaki, fuskoki da yawa a rufe suke. An yanka 'yar takarda kamar kwabo an ɗora a fuskar, an danne da filasta irin ta kemis.

Na ce, "Kaka, me ya samu waɗannan, ciwo suka ji?"

Ya ce, "Rai gare su."

Ya lalubo hoto ɗaya, ya sa farce a hankali ya ɗaga filasta ɗaya. Wata kyakkyawar fuska ta fito, da wushirya, ana dariya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya faɗi sunan mutumin da ƙarfi, da sunan ubansa, da garinsu, ya ce Allah ya jiƙanka. Ya juya bayan hoton ya rubuta da ajami: suna, inda aka binne, da wanda ya yi masa wanka.

Dokar akwatin ke nan. Mai rai a rufe, don yana da abin da za a ƙwace masa. Wanda ya mutu a buɗe, don ba abin da za a ƙara yi masa. Fuskarsa shi kaɗai ce a buɗe cikin masu rai, wai shi ai tallan kansa yake a bakin titi.

Na ce, "To me ya sa ake rubuta wanda ya yi wanka?"

Ya ce, "Don ba kowa ke samu ba, ƙawalli. Wani danginsa cewa suke ba su san shi ba. Sai mu je."

A bakinsa na ji abin da ba a koya mana a aji. Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, yadda aka watse, wasu suka yi Abuja, wasu suka yi kudu, wasu suka tsayar da gemu suka shige gida suka ja ƙofa. Yadda mutane suka dinga ƙona hotunansu da hannunsu, shi kuma ya dinga bi yana cewa, "Kar ki ƙona, ba ni." Idan aka yi kame a wurin biki, shi ne mai ɗaukar kwano ya kai gidan yari har a sako mutum. Shi ne mai sa babbar riga da hula ya tsaya gaban alƙali. Shi ne mai zuwa ƙofar gidan uban wani ya durƙusa a zage shi tas, ya ce, "Na ji, Alhaji, amma ka bar shi ya shigo ya ga uwarsa."

Wasu matasa sun taɓa zuwa daga Abuja, 'yan ƙungiya, da kwamfuta da turanci, suna so su ɗauki hoton komai su adana, wai tarihi ne. Ya ba su abinci, ya saurare su har ƙarshe. Ya ce, "Sannunku. Ku da takarda kuke yi, mu da kwano muka yi. Gaskiyarku, tarihi ne. Amma tarihin nan wani yana da jikoki a Ringim, wani yana da shago a Garki. Ku bari su gama mutuwa."

Da suka tafi na ce, "Kaka, idan abin haɗari ne haka, ka ƙona mana ka huta."

Ya harare ni. "Danginsu sun ce ba a yi su ba. Malamai sun ce daga Turai aka kawo mu jiya. In na ƙona, wa zai shaida? Ga wannan, kafin a haifi ubanki yake kaɗa miya a Kano. Wane Bature ne ya kawo shi?"

To yanzu ga nawa laifin. Ba zan yi masa kwalliya ba.

Wata Juma'a ya tafi masallaci ya bar ni a ɗaki ina cajin waya. Na jawo akwatin. Akwai wani hoto da nake mutuwar so: su goma sha ɗaya a wurin biki, Kaka a tsakiya yana matashi, ya kashe ɗauri, ya riƙe ƙugu, kai, wankan ya haɗu ba ƙarya. Fuskoki tara a buɗe, wato sun rasu. Tasa a buɗe. Ɗaya kawai ce a rufe, ta wanda ya dafa kafaɗarsa. Sai na ga 'yar takardar nan ta ɓata min hoton. Wallahi iyakar tunanin da na yi ke nan. Na ɗaga ta, na ƙyasta hoton da wayata, na mayar na danne. Na ɗora a sitatus, na sa waƙa, na rubuta, "Kakana tun da can ba sauƙi." Har da 'yan hotunan wuta guda uku.

Yatsan nan nawa ya fi ƙwaƙwalwata gudu, kowa ya sani. Kafin la'asar wata 'yar ajinmu ta turo min, "Ke, na gefen nan ba ladanin unguwarmu ba ne?" Na goge a take. Amma wa ya ga goge abin da aka riga aka yi wa sikirinshot? Kafin Asabar ya zaga gurup-gurup, an zagaye fuskar da jan layi.

Ba zan faɗi garin ba, ku ce ta wajen Ringim. Dattijo ne, mai sayar da hatsi, da 'ya'ya da jikoki. Ya fi shekara ashirin yana kiran salla a masallacin unguwarsu, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Aka karɓe lasifikar daga hannunsa. Yara suka dinga bin sa suna tafi. Babban ɗansa ya daina gaishe shi.

Na je wurin Kaka. Na ɗauka zai zage ni, da ma ya zaga. Ya zuba min tuwo ya ajiye, ya zauna yana kallona har na tsame hannu. Sannan ya ce, "Da, baki ke yanka wuya. Yanzu ɗan yatsa ne." Ya ɗauke kwanon. "Tashi ki tafi."

"Kaka, wallahi ban san..."

"Na sani ba ki sani ba. Shi ya sa na rufe."

Ya rufe rumfa ya tafi garin don ya ba da haƙuri. Ɗan dattijon ya tare shi a ƙofa ya watsa masa ruwan wanke-wanke, bai ko ga abokin nasa ba. Da ya dawo Dutse, wasu samari suka zo rumfar da tsakar rana suka kifar masa da tukunyar miya, suna kabbara. Tsoho mai ciwon suga, ya durƙusa yana kwashe nama daga cikin ƙasa. Mai faci ne ya ba ni labari, ya ce ba wanda ya tanka, har shi.

Wata biyar ban taka tashar nan ba. In zan je gida sai in tari mota a hanya. Na daina ɗora komai. Ƙawayena suna ta cewa wai an yi min asiri ne, babbar yarinya ta yi sanyi.

Cikin azumi Umma ta kira ta ce, "Na Dutse ya ce a gaya wa mai yatsa ta zo ta tsince masa shinkafa, idonsa ya mutu."

Na je. Ya rame, zanin har zagaye biyu yake yi masa. Babu wata shinkafa. Ya ajiye min almakashi, da takarda, da filasta sabuwa, ya turo akwatin da ƙafa. "Duk wadda ta tsufa ki canza. Ki rufe idonki in kin ɗaga."

Haka na yi, da ido a rufe, ina lalube kamar makauniya, shi kuma yana zaune yana yi min tsiya. "A hankali, ba waya ba ce." Da na zo kan hoton nan na mutum goma sha ɗaya, na sa wa dattijon sabuwa, zan ajiye, ya ce, "Saura ɗaya."

"Wacce?"

"Tawa. Ashe ni ma da sauran abin da za a ƙwace."

Da hannuna na rufe fuskar Kaka, a wannan hoton da duk sauran. Nan ne na yi kukan da ban yi ba wata biyar. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "To ya isa, kar ki jiƙa min matattu." Daga ranar ya fara koya min ajami, yana cewa, "Ga digiri ana nema, amma ba a iya karanta bayan hoto ba. Asarar kuɗin mota."

Mu koma ranar Talata.

Azahar ta yi, gawa na ɗaki ba a taɓa ta ba. Mutumin da ya saba wankan gawa a ƙauyen ya aiko wai bayansa ya riƙe. Liman ya ce yana da uzuri a gona. Tsofaffin nan uku suka aiko za su yi, Kawu ya ce ba za su taka masa gida ba. Zafi ake kamar me. Iya na zaune a ƙofar ɗakinta. Iya fa shekara da shekaru ba ta bari a ga ta ci abin hannun ƙanin nata, in ya aiko da nama sai ta ce a ba yara, sai an watse ta ce a ɗebo mata romon.

Sai ga wata mota ta tsaya a bakin hanya, wani dattijo ya sauko da sanda, farin gemu, farar riga. Ina leƙe ta zaure. Fuskar nan na san ta, na ɗaga takarda na gan ta tana matashiya. Ladanin nan ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya yi sallama, ya ce wa Kawu, "Ina mamacin?"

Kawu ya ce, "Malam, daga ina?"

"Daga inda aka san shi. A ba ni ruwa da sabulu."

Ya jingine sandarsa, ya naɗe hannun riga. Kawu ya kauce.

Nan Iya ta miƙe, ta ja mayafi, ta fita har zaure, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce wa wani maƙwabci, "Je ka gaya wa Liman, in ji ni, tuwon sunan 'ya'yansa uku wa ya tuƙa? In ya manta ni ban manta ba. Ya zo ya sallaci ƙanina, ko in fito in faɗa a kasuwa." Ba a daɗe ba sai ga Liman, gonar ta sake shi. Sahu biyu da rabi aka yi. Tsofaffin nan uku suka tsaya a can ƙarshen layi, inda shi ma ya saba tsayawa.

Kawu bai jira sadakar uku ba. Ana dawowa daga maƙabarta ya ja buhun bayan gida ya zuba kananzir. Zannuwansa, da sarƙoƙi, da kaset-kaset. Kaset ɗin nan su suka fi ci min rai. A ciki akwai muryoyin mutane, in ɗayansu ya kwanta ciwon ajali Kaka kan je da rediyo ya ce, "Faɗi daga farko, wace ce uwarki, yaya aka yi kika bar gida." Ban taɓa jin ko ɗaya ba, kullum cewa yake sai na ƙara hankali. Na tsaya ina kallon roba tana narkewa, baƙin hayaƙi na tashi, warin ya cika gidan har mata suna toshe hanci. Wannan kam ya tafi, babu mai dawo da shi.

Ya dawo ɗaukar akwatin, babu akwati. Ya duba ɗaki, ya duba rumbu. Sai ya lura Iya ta ƙara tsawo. Ta shimfiɗa tsohuwar darduma a kan wani abu ta hau ta zauna, carbi a hannu, tana karɓar gaisuwa.

Kwana uku tana kai. In za ta yi salla ko za ta zaga, sai ta ce min, "Ke, riƙe min wurina." In hau in zauna, ina jin sanyin ƙarfen ta cikin dardumar.

Ranar sadakar uku da safe, bayan an yi addu'a an raba gumba, Kawu ya shigo ya durƙusa gabanta. "Iya, ki yi haƙuri ki tashi a ɗauki abin nan."

Ta ce, "Zo ka ɗaga ni. Na ɗauke ka wata tara, kai ma ɗauke ni sau ɗaya mu gani."

"Iya, ba don kaina nake yi ba. Akwai mutane masu rai a ciki. Kin ga abin da yarinyar nan ta jawo wa bawan Allah da hoto ɗaya. In ya faɗa hannun wani fa? Gidaje nawa za su rushe?"

Ban so ba, amma gaskiya ya faɗa. Iya ma ta sani, ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "To ba ni ke da magana ba, ba kai ba. Wanda aka ƙona shi zai ce a ƙona. Yana waje, ya dawo addu'a. A kira shi zaure."

Ni da Umma muka kinkimi akwatin zuwa zaure. Dattijon na zaune a kan buzu. Na zube gabansa na ce, "Baba, ni ce." Abin da na iya faɗa ke nan.

Ya ce, "Na sani, 'yar nan. Kamarku ɗaya da kakan naki, har rawar kan." Ya miƙo hannu. "Ba ni hoton."

Na lalubo na ba shi. Fuskoki tara a buɗe, biyu a rufe. Ya kai shi kusa da ido, yana bin su da yatsa, leɓensa na motsi.

Ya ce, "Na fi shekara talatin ina roƙonsa ya ƙona wannan. Ranar da aka karɓi lasifika a hannuna na tsine wa akwatin nan, na tsine wa mai shi. Ya zo ƙofata, ina ciki ina jin sa, ban fito ba." Kawu har ya fara gyara zama zai tashi. "Amma a mota na yi ta tunani. Wannan a Kano muka binne shi, mu huɗu. Wannan uwarsa har ta mutu ba ta san inda kabarinsa yake ba. Wannan shi ya koya min karatun sallar da na yi ta kira. In aka sa wuta, ni kaɗai na san an yi su, ni kuwa ƙafata ɗaya tana rami." Ya dubi Kawu. "Ba za a ƙona ba. A ba yarinyar."

Kawu ya ce, "Ita? Ita da ta tona?"

"Ita. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Duk gidan nan babu mai tsoron akwatin nan kamarta."

Kawu ya kaɗe rigarsa ya fita. Har yau bai amsa gaisuwata ba.

Dattijon ya miƙo min hoton. "Kin san abin da ake yi ai."

Na sa farce. Filastar da na manna da kaina ta ɗago, ga Kaka, ya kashe ɗauri, ya riƙe ƙugu, yana kallona kamar zai ce wace tsinken ce wannan. Na faɗi sunansa da ƙarfi, da sunan ubansa, da garinmu. Daga bayan ƙofa na ji Iya ta ce amin, muryarta ta karye.

Na juya bayan hoton na rubuta da ajamina mai kama da tafiyar kaza. Suna. Inda aka binne. Da na zo kan wanda ya yi wanka sai na tsaya, na ɗago.

Ya ce, "Bar wurin. Mai rai ne. Ranar da kika cire tawa sai ki cika." Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya juyo. "Abin da ban sani ba, 'yar nan, sunan wa za ki rubuta a bayan nawa."

Ya sa kai ya fita. Har yanzu ban san sunan da zan rubuta ba.

Na tambayi dattijon kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta, ban da suna, ban da gari. Akwatin yana wani wuri da ba zan faɗa ba, kuma wayata ba ta shiga ɗakin da yake. A cikin hoton nan saura filasta ɗaya.

Allah ya jiƙan Kakan Tasha. Allah ya sa tuwon da ya ciyar da masu zaginsa ya tsaya masa, kwanon da ya kai gidan yari ya tsaya masa, gawarwakin da ya wanke su tsaya masa. Ya Allah, bawanka ya saba tsayawa a ƙarshen sahu. Ka matso da shi gaba.